In Kabewa Ba Ta Narke Ba, Ba A Yi Taushe Ba

Uwargida, sannu da aiki. Amarya, sannu da ƙoƙari. Maigida, kai ma kada ka murɗa rediyon, akwai rabonka a maganar nan kafin mu tashi.

Yau a madafa za mu zauna. Miya za mu yi, miyar taushe. Kuma magana ɗaya ce nake so ku riƙe tun daga farko: taushe miyar kabewa ce. In kabewa ba ta narke a tukunya ba, ba a yi taushe ba.

Me ya kawo wannan magana? Abin da ake gani ne a wasu gidajen biki da wasu wuraren sayar da abinci. A kawo maka masa, a ce ga taushe. Ka duba kwano, ka ga jar miya ce zalla. Tumatirin gwangwani ya cika ta. An watsa ɗan alayyafo a sama. Can a gefe ga yankan kabewa biyu ko uku suna yawo, ko nuna ba su gama yi ba. Jama'a, wannan miya ce, ba a musu. Tana iya yin daɗi ma. Amma ba taushe ba ce. A bikin taushe kabewa ce amarya. Tumatir da tattasai da attaruhu 'yan rakiya ne, kuma ba a taɓa yin bikin da 'yan rakiya suka hau gadon amarya ba.

To, bari mu fara daga kasuwa, domin a can ake gyara miya ko a ɓata ta.

Da kaka kabewa ke cika kasuwa. Wanda ya shiga 'Yankaba a Kano a irin wannan lokaci ya san yadda ake jibge ta. Haka abin yake a kasuwannin ƙauye. Sai dai ba kowace kabewa ce ta miya ba. Ɗauke ta a hannu tukuna. Ta ƙwarai nauyi gare ta, ya fi girmanta. Danna farce a bayanta. In farcen ya shige da sauƙi, ba ta ƙosa ba, ruwa ne kawai a cikinta. In ɓawon ya yi tauri ya ƙi farce, an dace. Dubi kuma wurin da aka tsinko ta daga yaɗo, ya zama busasshe. In yankakkiya za a saya, abin ya zo da sauƙi, tun da ga cikin nan a fili. A nemi mai kaurin tsoka, mai launi ja-ja da ya cika ido. Wadda cikinta ya yi fari-fari, ko gefen yankan ya fara yauƙi, a bar wa mai ita.

Nawa za a saya? Ba zan cika ku da lissafi ba. Ga ma'auni mai sauƙi. In an tara tumatir da tattasai da attaruhu da albasa wuri guda, to kabewar da aka fere ta fi su yawa. In ta fi su, an kama hanya. In sun fi ta, jar miya ake shirin yi.

Yanzu sai gyaɗa. A nan zan ɗan tsaya, domin maganar ta wuce daɗin baki, ta shafi lafiya. Gyaɗar da ta sha danshi a rumbu ko a buhu takan yi fumfuna. Wannan fumfuna na haifar da wata guba da likitoci ke kira aflatoksin. Hanta take cutarwa, a hankali, ba tare da mutum ya sani ba. Kuma wutar girki ba ta kashe ta. Saboda haka, uwargida, a baza gyaɗa a faifai a tsince ta. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi kore-kore, ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce asara ce. In niƙaƙƙiya za a saya, a saya wurin wanda aka yarda da tsabtarsa.

Mun dawo gida. A hura wuta.

Matakin farko romo ne. Miyar taushe tana son ƙashi, musamman mai ɓargo. Tsoka ado ce, ƙashi ke ba da ɗanɗano. Naman sa ya yi, na rago ya yi, kaza ma ta yi. A wanke, a zuba a tukunya, a yanka albasa. A daka citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari a zuba. A sa daddawa tun yanzu, domin ta samu lokacin sakin jikinta. Mai son kimba ta fasa ɗaya, ta cire 'ya'yan, domin su ke kawo ɗaci. A rufe tukunya a bar nama ya yi laushi.

Kayan ƙamshin nan, masu sauraro, kowanne da aikinsa, kuma kowanne da iyakarsa. Kabewa zaƙi-zaƙi gare ta, kuma sanyin hali gare ta. In aka bar ta ita kaɗai, miyar za ta yi lami. Citta ce ke tashe ta. Masoro ya ba ta zafin da ke sauka a maƙogwaro. Attaruhu ya ba ta na harshe. Kanumfari kuwa sai da hankali. Ƙwaya uku ko huɗu sun ishi tukunyar gida. In ya yi yawa, ƙamshinsa zai danne komai, a rasa gane miya ake sha ko magani. Ni a ganina an fi ɓata taushe da yawan kayan ƙamshi fiye da ƙarancinsu.

Nama ya yi laushi? To, ga lokacin kabewa. An fere ta, an cire 'ya'yan da zaren cikin, an yanka ƙanana. A zuba ta cikin romon nan. Wasu na dafa ta daban a ruwa, su tsiyaye ruwan su zubar. Ban ga dalili ba. Rabin daɗinta ya bi ruwan kenan. A cikin romo za ta dahu, ta sha ɗanɗanon nama, ita ma ta ba romon nata.

Daga nan sai haƙuri. Kimanin minti 20 na tafasa yakan ishe ta, wata ta fi haka in ta ƙosa sosai. Ba agogo ne alƙali ba, ludayi ne. A danna yanka ɗaya a jikin tukunya. In ya baje ba gardama, ta yi. Sai a tsame naman a ajiye gefe, a sa maburgi ko bayan ludayi a farfasa ta. A yi ta burgawa har romon ya koma kauri, launinsa ya juya. Wannan kaurin shi ne taushe. Ba gari ya kawo shi ba. Ba tumatirin gwangwani ya kawo shi ba. Jikin kabewa ne. Na faɗa, zan kuma maimaita: in kabewa ba ta narke ba, ba a yi taushe ba.

Wata za ta ce, ai ina da injin markaɗe, me zai sa in wahalar da hannuna? Babu laifi. Inji ya halatta. Sai dai a bar ta ta huce kafin a zuba, kada tururi ya ɗaga murfi ya ƙona fuska. Kuma kada a markaɗe ta sumul kamar kunu. A rage ɗan abin da harshe zai taɓa, domin da tuwo za a ci, kuma loma tana son abin da za ta kama.

Sai jajjage. Attaruhu, tattasai, albasa, da tumatir kaɗan. Na ce kaɗan. A soya su a wata tukunya da manja ko man gyaɗa har ruwan ya tsotse, tsamin tumatir ya tafi. Sannan a juye cikin kabewar.

Ga wata 'yar magana kan manja. Akwai masu ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi, jansa ya gushe, ya koma fari. Su ce sun kashe masa gafi. To, ku sani, jan nan da aka ƙone shi ne amfaninsa. Ku bar shi ya narke ya yi zafi kawai, ku jefa albasa. Zan dawo kan dalilin nan gaba kaɗan.

Yanzu gyaɗa ta shigo. Gida-gida ake bambanta a nan. Wasu ɗanya suke dakawa, miyar ta fito da haske da gardi mai sanyi. Wasu sai sun soya ta sama-sama, sun murje ɓawon, sun niƙa, ƙamshin ya fi tashi. Kowa da irin ta gidansu, kuma ba zan raba wannan gardama ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yadda ake zuba ta. A dama ta da ruwan ɗumi ko romo a kwano tukuna. In aka jefa ta a dunƙule, gudaji za ta yi. Da ta shiga, a rage wuta. Mai itace ta janye itace, mai gas ta murɗa ƙasa. Gyaɗa da kabewa in sun haɗu suna saurin kamu a gindin tukunya, kuma taushen da ta kama ba ta da gyara, ƙaurin zai bi ta har kwano. A riƙa juyawa. Idan mai ya taso ya kwanta a sama, gyaɗa ta dahu.

Kada gyaɗar ma ta yi yawa. In ta rinjayi kabewa, miyar gyaɗa aka yi. Ita ma miya ce mai daraja, amma ba ita muka zo yi ba.

Saura ganye. A nan ne hikimar iyayenmu mata ta fi fitowa. Ku duba abin da ke cikin tukunya zuwa yanzu: zaƙin kabewa, maiƙon gyaɗa, maiƙon ɓargo. In aka tsaya a haka, loma biyar mutum zai yi ya ji ta ginshe shi. Me zai karya wannan? Tsami. Shi ya sa ake sa yakuwa. Tsaminta ke wanke baki, ya sa a ƙara kai hannu. Amma ku lura da lokacin sa ta. Sai kabewa ta gama narkewa. Tsami yana hana kayan lambu saurin laushi. In yakuwa ta riga shiga, kabewa za ta daɗe tana taurin kai, a yi ta ƙona itace a banza. In yakuwar ta cika tsami, a ɗan tafasa ta daban a zubar da ruwan farko. Wannan ya fi a cika miya da kanwa.

Alayyafo shi ne na ƙarshe, tare da lawashi in akwai. A mayar da nama. Minti kaɗan, ganyen ya risina yana kore shar, a sauke. Mai man shanu ta zuba cokali ɗaya a kai.

Ban ambaci gishiri da dunƙule ba, da gangan. Sai an ɗanɗana tukuna. Romon ƙashi da daddawa sun riga sun yi rabin aikin. Yawancin abin da ke cikin dunƙulen nan gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. Ga hawan jini ya yi yawa a gidajenmu. To me zai sa a jefa dunƙule biyar, a bi da gishiri, tun ba a kai ludayi baki ba? A ƙara daddawa, a rage dunƙule. Kakanninmu da daddawar kalwa suka yi suna a girki.

Masu sauraro, miya ta sauka. Bari mu bar ta ta ɗan huce, mu juya ga wata tambaya. Me ya sa na dage a kan kabewa haka?

Dalili na farko, lafiya. Launin nan na cikin kabewa ba ado ba ne. Wani sinadari ne da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Shi ne kuma ke sa manja ja, shi ya sa na ce kada a ƙone shi. Bitamin A ke taimakon ido, yana kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Iyaye mata sun san ɗigon da ma'aikatan lafiya ke ba yara a baki saboda wannan. Ga abin sha'awar: wannan sinadari ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Miyar taushe kuwa ta haɗa kabewa da gyaɗa da mai a tukunya ɗaya. Waɗanda suka tsara ta ba su shiga ɗakin gwaji ba, amma sun dace da abin da ɗakin gwaji ya tabbatar.

Saboda haka, mai goyo, ga shawara. In jaririnki ya cika wata 6 ya fara cin abinci bayan nono, ki ɗebar masa dafaffiyar kabewa kafin a sa yaji da gishiri. Ki dama masa ita da ɗan mai. Tsoho marar haƙori ma ya samu abinci.

Dalili na biyu, aljihu. Kowa ya san halin tumatir. Da rani ya yi arha har ya ruɓe a kwando. Da damina ta kawo kai ya yi tashin gwauron zabo. Manoman Kano da Kaduna ba za su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Kabewa ba ta da wannan rawar kai. In ba a fasa ta ba, aka ajiye ta a inuwa, wuri busasshe, takan yi watanni lafiya lau, ba firji, ba lantarki. Miyar da kabewa ce jikinta ba ta damu da tsadar tumatir ba. Biyu sun ishe ta. Ko babu ma za ta yi.

In nama ya gagara fa? Ƙashi kaɗai ya isa. Busasshen kifi ya isa. Ganda ta isa. In duk babu, daddawa da gyaɗa za su rufa asiri, kuma yara za su suɗe kwano. Shi ya sa nake mamakin yadda muka mayar da taushe miyar sallah da suna da biki kawai. Ana jiran masa ko funkaso ko sinasir kafin a tuna da ita. Alhali tana tafiya da tuwon shinkafa, tana tafiya da na masara, tana tafiya da gurasa, ranar Talata kamar ranar Juma'a.

Bari in ɗan ratse, domin akwai labarin da zai ba wasu mamaki. Kabewa baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta nahiyar Amurka. A wani kogo a kudancin Meziko masu bincike sun tono 'ya'yan kabewar da aka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Sai bayan 1492, da jiragen Turawa suka fara kai-kawo a tekun Atilantika, ta tsallako wannan ɓangare na duniya. Gyaɗa ma daga can take. Haka barkono da tumatir. Kada a haɗa kabewa da duman ƙwarya, shi ɗan Afirka ne tun asali. Yakuwa da ɗorawa da manja su ma 'yan gida ne. Kanumfari kuwa daga tsibiran Indunusiya ya samo tushe, kafin Zanzibar ta yi suna da shi. Cittarmu mai yawa daga Kachia da kewayenta take zuwa, a kudancin Kaduna. Albasa kuma ga ta Aliero a Kebbi, ga ta Galmi a Nijar. Duk sun haɗu a tukunyar Bahaushiya. Kuma kabewa ta zauna da mu har ta shiga al'ada. Cikin bukukuwan gargajiya da ɗalibai ke karantawa a darasin Hausa akwai bikin shan kabewa, wanda 'yan bori kan yi idan ta nuna.

Ba mu kaɗai ke miya da ita ba. Turawa na markaɗe ta sumul, su zuba mata madara mai kauri, su sha da cokali da burodi a lokacin sanyi. Inda suka sa madara, mu gyaɗa muka sa. Amma waɗanda suka fi burge ni mutanen Haiti ne, baƙar fata, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ranar 1 ga Janairun 1804 suka ayyana 'yancin kansu daga Faransa. Ana ba da labari cewa a zamanin bauta bayi ke dafa miyar kabewa, amma iyayen gijinsu kaɗai ke sha. Da 'yanci ya samu, sai suka dafa ta suka sha abinsu. Har yau kowace ranar 1 ga Janairu da ita suke buɗe shekara, suna aika wa maƙwabta. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan miya cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Miyar kabewa fa, jama'a. Su sun ɗaga tasu har duniya ta sani. Mu kuma muna nema mu shafe tamu da tumatirin gwangwani.

Mu koma kan tukunyarmu, akwai gargaɗi biyu. Miyar da ke da gyaɗa ba ta jure zafi. In ta kwana, a tafasa ta sosai da dare, a sake tafasawa da safe, kuma kada a riƙa tsoma ludayin da aka kai baki. In ta fara kumfa ko warin tsami ya sauya, a haƙura da ita. Na biyu, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, su ci su kumbura ko numfashi ya sarƙe. In akwai irinsu a gida, a yi musu tasu ba gyaɗa, a ƙara kabewa. Kaurin zai fito.

'Ya'yan da aka cire fa? Kada su tafi bola. A wanke, a shanya, a soya wa yara da ɗan gishiri. A kuma ware kaɗan a adana. Damina na faɗuwa a binne uku ko huɗu a gindin danga ko bayan ɗaki, inda ƙasa ke da taki. Ba ta neman gona. Da kanta za ta yaɗu ta haye rumfa.

Maigida, na ce akwai rabonka, ga shi. Kai ke riƙe da kuɗin cefane. In ka bi ta kasuwa ka ga kabewa ta yi arha, kada ka tsaya kan yanka ɗaya. Ɗauki guda sukutum, ko biyu, ka ɗaura a bayan babur. Ka haɗo da ƙashi mai ɓargo. Kai kuma ɗalibi, da kai gwauro mai girka wa kanka, kada ku ce wannan aikin mata ne. Tukunya ɗaya da ludayi sun ishe ku.

Uwargida, ke kuma ki jawo 'yarki da ɗanki kusa da murhu ranar da za ki yi ta. Ki miƙa musu ludayin su danna kabewar da hannunsu, su ji bambancin wadda ta narke da wadda ta saura. Ki bar su su ɗanɗana kafin yakuwa ta shiga, su sake ɗanɗanawa bayan ta shiga. Makon nan ma ya isa a gwada, ba sai an jira sallah ba.

A nan za mu sauke tukunyar yau. Allah ya sa albarka a abin da za ku ci, ya hore wa kowane gida na cefane. Sai mun sake haɗuwa. Ku huta lafiya.